Inda Yatsan Baba Ya Sauka

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Markus in har kun yarda kun karanta, wannan babin naku ne. Na san abin da ake faɗi a kaina a Paris. An ce Ishaya ya kwance wa ubansa zane a kasuwa, ya je wurin baƙo ya tono abin da aka rufe. To ni ban yi lakwal mai nisa ba, aji huɗu na yi aka maida ni gona, kuma shekara ashirin da 'yan kai ina wankin tankunan sinadari a Saint-Fons, kusa da Lyon, har ƙirjina ya koma kamar tsohon zugazugi. Ba ni da numfashin gardama. Zan faɗi yadda aka yi sau ɗaya, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Kakanku, a takardar gwamnati Nomau ne, sunan da aka haife shi da shi, shi ya sa ku ma Nomau ne a fasfonku. Amma tun ranar da aka yi masa baftisma a gulbi, can ƙauyenmu na ƙasar Maradi, ba wanda ya sake kiransa haka. Nibshan ake ce masa. Allah ya yafe mini da na rubuta shi tsirara, bakina bai saba da shi ba. Sunan nan ba ya cikin kowace takarda, ba ya kan kabari, don kabarin Baba ƙasa ce da ƙaya a bisa. A bakin mutane kawai yake, mutanen kuwa suna ta ƙarewa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira mu biyu, ni da Yaya, ya ce:

"Gona ku raba, awaki ku raba. Sunan ga kar ku bari ya bi ni rami."

Da Rahila ta haifa mini Yakubu na so in sa masa, sai Yaya ya hana. Ya ce shi ne babba, matarsa ga ciki, haƙƙinsa ne. Na bar masa. Aka haifi mace. Ya ce a jira. Aka sake mace. Haka muka yi ta jira har ɗiya biyar, ni kuma bayan Yakubu ɗiya mata biyu na samu, haihuwa ta tsaya mana duka. Saboda haka ran da Yakubu ya zo gidanmu wata Lahadi bayan sujada ya ce matarsa Marta tana da juna biyu, ni ban ji komai ba sai muryar Baba. Rahila ta tuƙa tuwon semul da miyar kuka, ban ko bari yaron ya kai loma uku ba na ce masa in namiji ne ya san sunansa. Yakubu injiniya ne, a Villeurbanne ya yi karatunsa, ba ya ɗaukar magana sai ya juya ta ya ga ƙasanta.

"Papa, mi ma'anarsa?"

"Ka sani mana. Zaɓaɓɓen Allah cikin jarumawa. Sunan wani babban mayaƙi ne a Littafi, Baturen mishan ya ba kakanka don ya ga ba irin sauran ba ne."

"Wa ya ce?"

"Babanka Markus."

Ya goge hannu, ya ciro waya ya latsa, ya juyo mini da ita. Ya ce a nan an rubuta sunan gari ne, ba mutum ba, kuma wuri uku ya duba, ma'ana uku ya gani.

"Waya ce za ta gaya mini sunan ubana?"

"Bon, Papa, ba waya ba. Ka samo mutumin da ya san harshen, ya faɗa maka baki da baki. In abin da Baba Markus ya ce ne, na yi alkawari zan sa. In ba shi ba ne, ban yi alkawarin komai ba. Ni dai ba na ɗora wa ɗana abin da ban san cikinsa ba."

Rahila ta ce, "Ku ci tuwo tukuna, yaron ko ƙafa bai yi ba."

Kwana biyu ina fushi. A na uku na zauna na ga yaron bai yi laifi ba. Ni kaina shekara hamsin da wani abu ina riƙe da Littafi a hannu kowace Lahadi, ban taɓa cin karo da mayaƙin nan ba, ban kuma taɓa nema ba. Na tambayi fastonmu, mutumin Togo ne, ya ce shi Girkanci ya ɗan taɓa, Ibrananci kuwa ya manta tun yana makaranta. Sai na tuna da Mushe Simon. Shi ne mai riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a masana'antarmu kafin ya yi ritaya, Bayahude ne haifaffen Maroko, gajere mai yawan tsokana. Shekara goma yana miƙa mini safar hannu da abin rufe hanci ta taga, bai taɓa fasa ce mini "Annabi" ba saboda sunana. Na nemi adireshinsa wurin wani tsohon abokin aiki. Ranar Asabar da na samu hutu na hau bas na canja taram har Villeurbanne, na tsaya a ƙofar benensu na yi ta danna ƙararrawa. Shiru. Na koma. Asabar ta zagayo na sake zuwa, na danna har yatsana ya yi ciwo. Sai wata mata ta leƙo ta taga ta ce, ai yau ranar hutunsu ce, ko gobara ake ba zai taɓa maɓallin nan ba. Ni da nake karanta dokar Asabar tun ina yaro, na tsaya a titi kamar jaki.

Ranar Litinin bayan na sauka aiki na koma. Ya buɗe yana dariya tun daga matakala.

"Annabi! Ashe kai ne mai kashe mini ƙararrawa. Na gan ka ta labule, na ce wannan ko dai mai bishara ne ko mahaukaci."

Ya dafa shayi da na'ana'a. Ban iya faɗin sunan ba, sai na rubuta masa a bayan tikitin bas na tura gabansa. Ya sa tabarau ya duba, ya tashi ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ya buɗe shi ta inda ni nake kira baya. Ya yi ta bin layi daga dama zuwa hagu yana gunaguni, har ya kai wurin da ake jera garuruwan da aka raba wa kabilar Yahuza, wurin da mu a majami'a muke tsallakewa don ba wanda ke iya karanta shi bai yi tuntuɓe ba. Yatsansa ya tsaya.

"Ga shi. Sau ɗaya tak ya fito a Littafin gaba ɗaya. Ishaya, ubanka gari ne."

Ya ce garuruwa shida ne aka ambata tare, duk a jeji, kusa da tekun nan na gishiri da kifi ba ya rayuwa ciki. Ba wani sarki da aka ce ya fito daga can, ba yaƙin da aka yi a can, ba annabin da ya kwana. An lissafta shi, an wuce. Na ce to ma'anar fa? Ya ce shi ba shehin malami ba ne, amma bari ya ga abin da shehunnan suka ce. Ya ɗauko wasu littattafai biyu, ɗaya har sai da ya hau kujera. Ya ce wasu sun ce kalmar tana nufin ƙasa mai laushi, wadda ba ta da duwatsu, wasu kuma sun ja ta wani wajen daban, ba a taru a kan magana ɗaya ba. Ya ce ko mutanen dā da suka juya Littafin zuwa Girkanci wani iri suka rubuta sunan, alamar su ma bai zauna musu ba. Inda garin yake ma, masu tonon kufai suna nuna wurare daban-daban.

"Ba jarumi a ciki?"

"Babu."

"Ba zaɓaɓɓe?"

"Annabi, in kana son in yi maka ƙarya, ka dawo da kilishin nan da ka taɓa kawo mini, sai mu yi ciniki. Amma a littattafan nan babu."

Ya rubuta mini sunan da baƙaƙensu a farar takarda, a ƙasa ya sa abin da ya faɗa da Faransanci, ya sa hannu kamar takardar fitar da kaya daga magaza. Na ninke na sa a aljihu. Ban gaya wa Yakubu ba. Na ce babba ne ya kamata ya fara ji, kuma irin wannan ba a faɗinta a waya.

Ƙarshen watan na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na yi ta canje-canje har Clichy-sous-Bois. Yaya direba ne a wani ofishin jakadanci, kuma dattijo ne a ikilisiyarsu, mutum ne mai son a tsaya in yana magana. A lokacin Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba, tana gidansa, an kawo ta aikin ido. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na same ta zaune a ƙasa kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ta ƙi kujera, ido ɗaya a liƙe da auduga. Muka gaisa gaisuwar gida, ta tambayi Rahila, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sanyi, ta tambayi ƙirjina. Bayan an ci abinci na gaya wa Yaya sharaɗin da Yakubu ya kafa, na ciro takardar na miƙa masa. Ya karanta a tsaye. Ya ajiye ta a kan tebur da yatsu biyu.

"Wurin wa ka samo wanga?"

"Wurin wanda ya san harshen."

"Ya san harshen, ya san Baba? Yana wurin ran da Bature ya ɗora masa hannu?"

Daga ƙasa Gwaggo ta ce, "Wane Bature?"

Muka juya.

"Markus, wane Bature? Ni ina wurin. Ba Bature ko ɗaya. Malam Audu mai bishara ne, wanda ya zo da keke daga wajen Katsina."

Yaya ya ce, "Gwaggo, ki huta, likita ya ce kar ki yi yawan magana."

"Ido aka yanka mini, ba baki ba."

Sai ta ba da labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce a lokacin nan duk wanda zai shiga ruwa sai an sake masa suna, Malam Audu kuma ya gaji da rigimar masu son suna iri ɗaya, kowa Dauda, kowa Ibrahim. Sai ya kafa al'ada. A shimfiɗa tabarma bakin gulbi, a yi addu'a, mutum ya rufe ido ya buɗe Littafi da kansa ya ɗora yatsa. Sunan da ya fi kusa da yatsan, shi ne nasa. Ta ce su bakwai ne ran nan. Wani ya samu Yusufu, wani ya samu Bitrus, ana ta guɗa. Da aka zo kan Baba, ya buɗe, ya ɗora, Malam Audu ya duƙa ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, Nomau, ka sauka cikin garuruwa, rufe ido ka sake. Mutane suka fashe da dariya.

"Ubanku ko motsi bai yi ba. Yatsan na nan bisa takarda kamar an kafa turke. Ya ce, Malam, na bar tsafin ubana, an kore ni daga gida, don in bi Allah. Yau rana ta farko kuma in ce masa ya yi kuskure? Karanta mini abin da ya ba ni. Malam ya karanta, da ƙyar ma ya iya. Ubanku ya ce, shi ke nan, ya tashi ya shiga ruwa."

Na ce, "To maganar jarumi fa, Gwaggo, daga ina?"

Ta nuna Yaya da haɓa.

"Ga mai ita nan. Da aka kai shi lakwal ta kwana a birni, yara suka dame shi, sunan ubanka kamar sunan maganin ɓera. Ya dawo hutu da labarinsa na jarumi. Ubanku ya ji, ya yi murmushi, ya ce ku bar yaro, shi ke shan dukan."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ina tsammanin shi kansa ya manta shi ya ƙaga, don abin da mutum ya faɗa shekara hamsin, a gaban matarsa, a gaban 'ya'yansa, a kan mumbari, ya riga ya zama ƙashin jikinsa. Ya ja ni zuwa kicin ya rufe ƙofa. Muryarsa ta yi ƙasa, abin da ban saba ji ba.

"Ishaya, ka ji ni. Yaron ya ce in maganata ce zai sa, ko ba haka ba?"

"Haka ya ce."

"To ka koma ka ce masa malamin ya tabbatar. Kalma ɗaya ce. Sunan ya rayu, wasiyya ta cika, kowa ya huta. Tsohuwar ga wata mai zuwa za ta koma gida. Takardar ga ka yage ta."

"Yaya, in yi wa ɗana ƙarya?"

"Ka ba shi ƙasa mai laushi ka gani in zai karɓa. Wa zai sa wa ɗansa kufai? In sunan ga ya mutu, kai ka kashe shi, ba ni ba."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta kama ni. Awa biyun nan a jirgi ina komawa Lyon, takardar tana hannuna, na ninke na buɗe har ta fara yagewa a tsakiya. Yaya bai yi ƙarya ba a lissafinsa. Hanyarsa tabbas ce, tawa caca ce, kuma abin da zan saka a cacar ba nawa ba ne, na mamaci ne. Amma duk inda na juya sai in ga mutumin nan zaune kan tabarma ana yi masa dariya, an ba shi dama ya sake ya samu Dauda ko Sulemanu, ya ƙi. Shi da ya san gari ne tun ranar farko, ya ɗauka haka nan, ya amsa shi shekara arba'in. Abin da ya ce kar a bari ya mutu, wannan ne. Bai san wani jarumi ba. Kafin jirgi ya shiga tashar Part-Dieu na gama shawara, ban kuma sake buɗe ta ba.

Washegari na je gidan Yakubu. Na ajiye takardar Mushe Simon a gabansa da Marta, na faɗi abin da Gwaggo ta faɗa, ban ƙara gishiri ba, ban rage ba, har da na Yaya. Na ce wayarka ta yi gaskiya, gari ne, ƙaramin gari a jeji, ma'anar ma ba a tabbatar ba. Na ce alkawarinka ya warware, ba na bin ka komai. Ya karanta, ya miƙa wa matarsa. Abin da ya ce kawai:

"Na gode, Papa."

Wata biyar bai sake tada maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Yaya ya kira sau ɗaya ya ce me na gaya wa yaron. Na ce gaskiya. Ya kashe waya. Rahila ta ce mini na cika taurin kai, na yi asarar wa, ga suna kuma ba tabbas. Na ce na ji. Na yi ta zuwa aiki ina shiga tanki ina fitowa. Su Yakubu kuma sun ƙi a gaya musu ko mace ce ko namiji a hoton asibiti, wai suna son mamaki, kamar mamaki ya yi ƙaranci a duniya.

Wata Talata da hantsi aka kira ni ina wurin aiki. Marta ta sauka lafiya. Mace.

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Amma na zauna kan bokiti a bayan tanki na daɗe ban tashi ba. Na ce shi ke nan, Baba, na yi iyakar yina. A nan ƙasar ba a jiran kwana bakwai kamar gida, kwana biyar gwamnati ta bayar a kai suna meri, ofishin magajin gari. A kwana na uku na je asibiti da Rahila. Ina riƙe da jaririyar Yakubu ya taɓa kafaɗata ya ce in fito baranda. Takardar meri ce a hannunsa, ya riga ya cike. Ya nuna mini layin farko.

Na ce, "Kai, mace ce fa."

"Papa, kai ka kawo mini takarda cewa gari ne. Gari ba namiji ba ne. Maza na zama ciki, mata na zama ciki."

"Ma'anar fa? Ka ce ba ka ɗora abin da ba ka san cikinsa ba."

"Na san cikinsa yanzu. Na san wanda ya ƙi ɗaga yatsa."

Na jingina da bango. Rahila ta leƙo ta ga takardar, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. To yanzu mi za mu riƙa kiranta? Baba?"

Ta Baba muke ce mata, har yau. Ran suna aka cika falonmu a Saint-Fons, fasto ya ɗaga ta ya faɗi sunan da ƙarfi, ya yi tuntuɓe a tsakiya kamar yadda kowa ke yi. Mushe Simon ya zo da kwalin alewa, ya gyara masa. Gwaggo tana ƙauye a lokacin, aka kanga mata waya a kunne, ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka buga bango. Daga Paris ba wanda ya zo.

Na kira Yaya da kaina a ranar. Ya ɗauka. Na ce wasiyya ta cika, an sa, yana cikin takardar gwamnati da hatimi. Sai ya ce:

"Mace?"

Na ce mace. Ya ajiye.

Shekara shida ke nan. Ban ce ba shi da abin jin zafi ba, kuma ku 'ya'yansa kar ku raina shi a kan wannan, yaro ne aka tura birni shi kaɗai ya kare ubansa da abin da ya samu. Amma ban yi nadama ba, kuma ba zan nemi gafarar abin da zan sake yi gobe ba. Kowace Kirsimeti ina kiransa, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Bana ma zan kira.